Kwanson Ƙafar Baba

Ma'aikacin filin jirgin Delhi ya kwance zanen da na naɗe kwanson da shi, ya ɗaga shi sama yana juyawa kamar mai zaɓen kankana. Fari ne, mai rami, kamar ƙaramin turmi. Ya ƙwanƙwasa, ya sansana, sannan ya tura hannunsa ciki. Ramin da hannunsa ya shiga siffar dungun ƙafar mahaifina ce.

Ya tambaye ni da Turancinsu mai gudu, mene ne wannan.

Na ce, "Ƙafar babana ce."

Ya leƙa cikin jakata, ya ce, "To ina sauran baban?"

Abokin aikinsa ya yi dariya. Ni ma na yi murmushi, don na lura a wurin nan wanda ya yi murmushi ake sallama da wuri. Na mayar da kwanson cikin zane, na rungume shi, na fito cikin wani zafi mai laima wanda ba irin namu ba. Zafin Sakkwato yana ƙona mutum ya bar shi a bushe. Wannan kuwa manne wa mutum yake yi kamar jiƙaƙƙen mayafi.

Baba shadda yake sayarwa a wani ɗan shago a Ƙofar Dundaye. Ciwon suga ya ci masa ƙafar hagu, aka yanke ta ƙasa da gwiwa. Bayan ya warke, wata ƙungiyar agaji ta raba ƙafafun roba a babban ɗakin taro, da jawabai da ɗaukar hoto, ya samu ɗaya. Ta zo da baƙin takalmi mai tudun dunduniya irin na ma'aikatan ofis, kuma in dai takalmin na jikinta, tana tafiya lafiya. Sai dai wanda ya ƙera ta bai san mu ba. Mu kuwa yini muke muna tuɓe takalmi, a ƙofar masallaci, a bakin zaure, a gefen tabarma, a gaban manya.

Ranar da Baba ya fara komawa masallacin unguwa da ita, sallar la'asar ce. Ya cire takalmin a ƙofa kamar kowa. Da tudun ya tafi, ƙafar ta karkata baya. Yana ɗagowa daga ruku'u ta kwashe shi, ya faɗi, ya janyo maƙwabcinmu Malam Ummaru suka zube tare a sahun gaba. Ba wanda ya yi dariya. Ina jin da an yi, da abin ya fi masa sauƙi. Daga ranar ya rataye ƙafar a ƙusa, da takalminta. A zaure yake salla, a zaune, masallacin na tsallaken lungu yana jin kabbarar liman. An ba shi shawarar kujera, ya ƙi. Ya ce ko dai ya tsaya a sahu da ƙafa biyu ba takalmi, ko kuwa a bar shi inda yake. Shagon ma ya koma zuwa jefi-jefi. Muna kallo yana ƙanƙancewa a cikin rigunansa.

Ni a lokacin na gama jami'a, Larabci da adabi na karanta, ina zaune ina rubuta 'yan baitocin da ba mai karantawa. Nakan je unguwar Runjin Sambo in taimaka wa wata ƙungiyar naƙasassu da ke ƙera keken guragu. A can na ji labarin wata ƙafa da ake yi a Indiya, mai yatsu, wadda ake takawa ba takalmi, a durƙusa da ita, a yi alwala da ita. A can kuma aka ba ni lambar wani Bala, Bakano mazaunin Delhi, wanda ya ce akwai makarantar da za ta koya mini aikin. Ya ce in naɗe dungun da leda, in zagaye shi da bandeji mai farin siminti irin na masu karaya, in ya bushe in zare in taho da shi, a makon farko za a yi ƙafar.

Ni ce 'yar fari. Baba bai taɓa faɗar sunana ba, Inna ma haka. In yana son magana da ni, da Inna yake yi, ina tsaye. Saboda haka ranar awo ba wanda ya yi tunanin wani abu dabam. Baba ya sa wandon shaddarsa na Salla, ya ce tunda ƙafar ƙasar waje za ta, ba za ta tafi da tsumma ba. Ya naɗe ragowar ƙafar wandon a kan dungun, ya kawar da kai. Ni ma na kawar da nawa. Na naɗa leda a kan wandon, na zagaya bandeji, muka jira ya bushe. Kwanson ya fita sumul. Na ji daɗin kaina ƙwarai a ranar.

Bala ya tarye ni a waje, da ƙaramar riga da gilashi a saman kai. Ina buɗe baki na gaishe shi ya tuntsire da dariya.

"Kai! Basakkwaciya ce ta gaske. Ce 'mi ya hwaru' in ji."

Na ce, "Ina makarantar take?"

"Hajiya, ki sha ruwa tukun. Kin zo hannu mai kyau."

Makarantar ɗaki ne guda a saman wani shagon kayan gyaran babur. Akwai kujerun roba, da talabijin, da wata ƙafa a cikin akwatin gilashi da aka kulle. Mu ɗalibai kaɗan ne, daga ƙasashe dabam-dabam, kowa da irin fuskar da nake da ita. Malamin yakan shigo ya kunna mana bidiyo ya fita shan shayi. A ranar farko ya nuna mana takardun shaidarmu na gamawa, an riga an buga su da sunayenmu da zanen zinariya a gefe. Ya ce kada mu damu, kowa ya ci.

Na kai masa kwanson. Bai ko kwance zanen ba. Ya karkata kai hagu da dama, irin yadda suke yi, wanda har na baro ƙasar ban tabbatar ko i ba ne ko a'a. Ya ce gobe. Goben ta yi ta zuwa tana wucewa. Da na matsa wa Bala a waya, ya ce, "Ke matsalarki gaggawa. Takarda kika zo nema ko rigima?" Na ce ƙafa na zo nema. Ya ce zai kira ni. Daga nan wayarsa ta daina shiga.

Ɗakin da ya kama mini yana can saman wani dogon gida a lungun da 'yan Afirka masu jinya suka cika. Tagata bangon maƙwabta take kallo. Da rana nakan zauna in ji tattabaru suna kuka a saman bututun ruwa, in rufe ido in ce a Hubbare nake, na raka Inna ziyara, ƙasa na ƙona mana tafin ƙafa. Abincinsu ya ƙi zama a cikina. Komai yaji, komai da wani ƙamshi da ban sani ba. Na yi kwaɗayin hoce, wainar dawarmu ta gida, har na ji kunyar kaina. Na kwanta zazzaɓi, na tashi, na sake kwantawa. Kwanson na kan kujera ɗaya tak da ke ɗakin, ni kuwa ina zaune a ƙasa, don ban iya zama sama da shi ba.

Inna takan kira ni bayan la'asar ɗinsu.

"Ke ɗiyar ga, kina cin abinci kuwa? Muryarki ta yi sirara."

"Ina ci, Inna."

"Babanki shina tambaya, wai an gama?"

Ina jin tarinsa a kusa da ita. Na san yana zaune, ya juya baya kamar ba da shi ake ba.

"Ki ce masa ana kai."

"Wai ana kai," in ji ta, ba da ni ba. Sai in ji ya ce, "To, madalla," a hankali.

A gidan nan na haɗu da Ummu Salma, 'yar Sudan, doguwa mai zanen da ke shan iska. A wurin famfon tsakar gida ta same ni ina wanke kofi, ta yi mini sallama, na amsa da Larabcin makaranta. Ta dafa ƙirji ta ce, "Ya salam! Yarinya tana magana kamar littafi." Daga ranar ta riƙa aiko mini da faten wake da man zaitun, ba yaji. Shi ne abinci na farko da ya zauna mini.

Wata rana da azahar na ga mijinta a bakin famfon yana alwala. Ya wanke ƙafar dama, ya ɗaga ta hagu ya shafa mata ruwa, ya taka ƙasa ba takalmi ya nufi ɗaki. Sai da ya yi nisa na lura launin ta hagun ya fi na daman haske. Tana da yatsu, har da rabuwar da igiyar silifa ke shiga. Na tsaya da kofi a hannu ina kallon sawunsa a kan siminti, jiƙaƙƙu, biyu-biyu, rana tana shanye su ɗaya bayan ɗaya.

Ummu Salma ta ce a yaƙin ƙasarsu ya rasa ƙafarsa, wannan ta roba ce. Ta ce ba a Delhi ake yinta ba, a wani gari ne can yamma, sai an hau jirgin ƙasa. Na ba ta labarin makarantata. Ta tofar da yawu gefe, ta ce, "Allah ya isar miki. Tashi ki haɗa kayanki." Mijinta ya raka ni tasha, ya yi faɗa da mai tikiti a madadina da harsuna uku, ya tura ni cikin taragon mata.

Ban taɓa ganin mutane da yawa a wuri guda kamar a taragon nan ba. Ban samu wurin zama ba. Na tsaya da jaka a baya, kwanso a ƙirji, duk lokacin da jirgin ya girgiza sai wata gwiwar hannu ta doke shi, ni kuwa in ji dukan a cikina. Wata tsohuwa mai awarwaro har damtse ta ja gefen hijabina. Ta nuna zanen, ta yi alamar rarrashin jariri. Na girgiza kai. Na nuna ƙafata, na yi alamar yanka, na ce, "Baba." Ashe kalmar tasu ce su ma. Ta miƙo hannu biyu ta karɓe shi, ta ɗora a cinyarta, ta rufe shi da gefen mayafinta. Haka ta riƙe shi har muka isa, in wani ya matso ta daka masa tsawa. Ta ɓallo gurasarta ta sa mini a baki da hannunta, don nawa suna riƙe da ƙarfen sama. Ban san sunanta ba. Ta taga na ga gonakin gero, da raƙuma, da mata ɗauke da tuluna, kamar an ɗauko hanyar Illela an shimfiɗa ta a wata duniya. Na yi kuka kaɗan, ba wanda ya kula, zufa ta rufe.

Wurin da ake ƙafar wani fili ne mai itatuwan dogon yaro. Ƙamshinsu na fara ji tun daga ƙofa. A ƙarƙashinsu maza da mata suna zaune a kan benci, wasu a ƙasa, kowa ya naɗe wando ko zane, dungunsa a waje yana shan iska, suna hira suna cin gyaɗa. Na sunkuyar da kai na bi ta tsakiyarsu ina kallon yatsuna.

Shugabar masu aikin sunanta Rekha, likita ce, mai furfura a gaban goshi, ƙafarta ɗaya cikin ƙarafa saboda shan inna. Ta saurare ni har na gama, sannan ta kwance zanen. Ita ce ta farko da ta riƙe kwanson kamar ta san abin da yake. Ta kai shi bakin taga, ta leƙa ciki. Ta daɗe tana leƙawa. Sai na ga kafaɗunta suna rawa.

Ta ce, "Zo ki gani. Babanki fure yake tsirowa a ƙafa?"

Na leƙa. Hasken taga ya sauka a cikin ramin a karkace, sai ga su: ganyaye, da 'yan zagaye-zagaye, da layin zare mai lanƙwasa, duk aikin bakin wandon Baba ya fito a jikin farin simintin, tsaf, har da ninkin da ya yi. Abin ya yi kyau. Wannan ne ya fi ba ni haushi.

Ta ce, "Wando kika auna mini. Wando mai kyau kuwa."

Na yi ƙoƙarin yi mata bayani, Turancina ya watse. Na ce ni ce ta fari. Na ce ba ya kiran sunana. Na ce a wurinmu ba a yi. Ta daina dariya, ta jawo mini kujera.

Ta ce, "Surukata ta rasu ba ta taɓa barin uban mijinta ya ga fuskarta ba, gida ɗaya suke. Na gane. Amma dungu ba ya jin wannan maganar. Akwai ƙashi a gaba da ba ya son a taɓa shi, akwai nama a gefe da ke iya ɗaukar nauyi. Sai an danna da yatsa ana kallon fuskar mutum ake sanin wane ne wane. In na yi ƙafa a kan wannan, za ta yi masa yawa, ta goge shi. Mai ciwon suga ne, kin ce? Gyambo ɗaya ya isa a sake yanka sama da gwiwa."

Na dubi kwanson. Na tuna tsohuwar jirgi da yadda ta rufe shi da mayafi.

"Ki kawo babanki nan," in ji ta.

"Ba zai zo ba. Daga zauren gida ma da ƙyar yake fita."

"To ke za ki koma masa da hannuwa. Ki zauna ki koya, gwargwadon abin da bizarki ta bari. Da sharaɗi ɗaya. A nan ba a kawar da kai."

Washegari ta sa ni a gaban wani tsoho manomi mai farin gemu da hular saƙa, sa'an Baba. Ya miƙo mini dungunsa kamar mai miƙa hannu a gaisa. Na durƙusa. Na kalla. Fata ce kawai, mai tabon ɗinki a ƙasa kamar bakin buhu, da ɗumi, tana motsi kaɗan in ya yi numfashi. Na miƙa hannu, na janye shi. Tsohon ya faɗi wani abu, mutanen benci suka kwashe da dariya. Rekha ta fassara mini: wai in kwantar da hankalina, ba ya cizo, haƙoran suna ɗaya ƙafar.

Na taɓa. Daga baya na fita bayan itatuwa na yi amai, na wanke fuska na dawo.

Kwanakin da suka biyo baya sun haɗe mini wuri guda. Farin siminti a ƙarƙashin farce, a gira, a cikin abinci. Bayana ya riƙe saboda durƙuso. Na koyi laluben bakin ƙashi in zana shi da fensir, in danna inda ya kamata kafin bandeji ya sandare, in cika kwanso in fitar da siffa, in goge ta, in gasa bututun roba har ya yi laushi in ja shi a kanta ya zama gurbin da dungu zai zauna. Na ɓata da yawa. Rekha ba ta yabo. In abu ya yi, sai ta ajiye shi ta wuce, in bai yi ba ta miƙo mini guduma. Ban rubuta baiti ko ɗaya ba a garin nan. In na koma ɗaki, hannuwana ba sa iya riƙe alƙalami.

Abin da ya fi gajiyar da ni ba aikin ba ne. Duk dungun da na riƙe, sai in ga na Baba a bayansa yana jirana.

Na gaya wa Inna gaskiya a waya, a ranar da na san ya fita zaure.

Ta ce, "To mi kika so a yi?"

"Sai na gani da idona, Inna. Sai na taɓa."

"Ke! Babanki na fa."

"Na sani."

"Ni da nika wanke mai, ban tsayawa kallo. Wagga magana ban san ta inda za ni ɗauko ta ba."

"Kada ki ɗauko. Ki bari in dawo."

Da lokacin tafiya ya yi, Rekha ta ba ni tafin ƙafa guda biyu na hagu, masu yatsu, da bututu, da bandeji. Ta zaɓo mafi duhun launin da suke da shi, duk da haka bai kai Baba ba. Ta ce in ɗauki kwansona in tafi da shi, ba ta da wurin ajiye lambu. A bakin ƙofa ta riƙe hannuna ta juya shi, ta dubi tafin da ya yi kaushi, ta sake shi. Iyakar sallamarmu ke nan.

Na iso Sakkwato a rame, da tari. Baba yana zaure a kan buzunsa. Na durƙusa daga nesa na gaishe shi, ya amsa yana kallon ƙofa. Idonsa ya sauka a kan jakata, ya ɗauke. Tsohuwar ƙafar tana nan a ƙusa, gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin takalmin da bango.

Sai da na huta kwana biyu na fito da kwanson. Na ajiye shi a gabansa inda hasken ƙofa ke faɗowa, na koma gefen Inna na zauna.

Na ce, "Inna, ki ce wa Baba ya duba ciki."

Ya ɗauka ya leƙa. Ɗan kasuwar shadda ne, bai ɗauki lokaci ba.

Ya ce, "Wanga ai aikin wandona na."

"Ki ce masa shi na kai Indiya. Sun ce wandon lafiyarsa lau, ba ya bukatar ƙafa."

Inna ta rufe baki da gefen zane. Baba bai yi dariya ba, amma gemunsa ya motsa. Ya ci gaba da juya kwanson a hannunsa. Na faɗi sauran, duk ta bakin Inna: ƙashin gaba, naman gefe, gyambon da ke iya sa a sake yanka. Na ce akwai wani ma'aikacin asibiti namiji da zan iya nema, in tsaya a bayan ƙofa ina gaya masa, amma ban san abin da yatsunsa za su ji ba, nawa na sani.

A tsallaken lungu ladan ya kira azahar. Muka ji takun mutane, da ƙarar butoci, da silifa suna faɗuwa a bakin ƙofar masallaci. Baba ya saurara har aka tayar da iƙama. Sannan ya ajiye kwanson, ya juya fuskarsa ga bango, ya kai hannu ya kwance ƙullin ƙafar wandon. Ya naɗe ta sama da gwiwa da kansa.

Ya ce wa Inna, "Hwaɗa mata ta yi abin da ta taho yi."

Na matso da kwanon ruwa. Na kalla. Dungun ya fi ramin kwanson ƙanƙanta nesa ba kusa ba, siriri, fatar ta yi laushi kamar ta jariri. A gefe akwai wani tsohon tabo baƙi inda ƙafar agaji ta goge shi, wanda bai taɓa gaya wa kowa ba. Na sa yatsa a bakin ƙashin na danna, na ɗaga kai don in ga fuskarsa yadda aka koya mini. Ƙeyarsa kawai nake gani.

"Inna, ki zagaya ki dubar mini fuskarsa. In ya yamutsa ki gaya mini."

Ta tashi ta koma tsakaninsa da bango ta tsuguna. Na danna.

"Ya yamutsa."

"Ban yamutsa ba," in ji Baba.

"Ka yamutsa, Malam, ina kallo."

Na zana wurin da fensir. Haka muka bi dungun gaba da baya, ni ina dannawa, Inna tana karanta mini fuskarsa, shi yana musu. Da na ɗora jiƙaƙƙen bandeji ya ɗan zabura.

Ya ce, "Ce mata hannunta da sanyi."

A Runjin Sambo masu keken guragu suka ba ni gefen rumfarsu da kayan aiki, wani mai gidan burodi ya bar ni na gasa bututun a tandarsa bayan ya kwashe na safe. Gurbin farko ya matse shi a bayan gwiwa, na fasa. Na biyu ya zauna. Ya yi makonni yana gwada ta a tsakar gida, daga bakin rijiya zuwa bango, kullum in cire ta in duba fatar, kullum fuskarsa na bango. Bai ce ta yi ba, bai ce ba ta yi ba. Ya dai yi ƙorafin launin, wai an ba shi ƙafar Balarabe.

Wata la'asar ina ɗaki a kwance, tarin bai gama sakina ba, Inna ta leƙo ta yafito ni da hannu. Na bi ta zaure. Buzun yana nan, ba kowa a kai. Muka tsaya a bayan labulen ƙofa muna leƙen tsallaken lungu. An riga an shiga salla, ba ma ganin kowa, sai tarin takalma a bakin ƙofa, na roba da na fata, wasu a kan wasu.

Inna ta nuna da haɓa. Can gefe, kusa da bango, ga silifan Baba, an jera su daidai kamar yadda yake jera yadi a shago. Na daman ya sha tafiya, ya lotse a dunduniya. Na hagun kuwa sabo ne ƙal, tun ranar da aka sayo su yake ajiye a ƙarƙashin gado.

Liman ya yi kabbarar ruku'u. Inna ta kama hannuna ta matse. Muka jira. Ya ɗago, muka ji sahu ya amsa gaba ɗaya, ba ƙarar faɗuwar komai.

Na zame na zauna a ƙasan zauren, na jingina kaina da bango, a ƙarƙashin ƙusar. Barci nake ji irin wanda ban ji ba tun Delhi.